Guɗa a Rumfar Taba

Jikata ce ta ɗauke ni a mota kwanan baya, za ta kai ni kantin da ake sayar da daddawa da kuka, muka bi ta titin da na fi sani a duk garin Greensboro, amma na rasa gane inda nake. Mu mun san shi da High Point Road, yanzu wai Gate City Boulevard, an wayi gari an raɗa wa tsoho sabon suna ba ko ragon suna. Na ce ta rage gudu a daidai inda gidan hayarmu na farko yake. Babu gidan, babu bishiyar da ke ƙofarsa, sai fili da aka malale da kwalta aka jera motocin sayarwa, kowacce da takarda manne a goshi. Yarinyar ta tambaye ni da Turanci ko lafiya, don ta ga na yi shiru, ni kuwa ba a san ni da shiru ba. Na ce mata lafiya lau, wata maƙwabciyata na tuna.

Na zo garin nan ina amarya, karatun aikin gona ya kawo maigidana. A cikin akwatina har da ƙaramin turmi da taɓarya, don mahaifiyata ta rantse ba za ta aika 'yarta ƙasar da ba ta sani ba babu abin dakan yaji. A lokacin Hausawan garin ba su cika tabarma biyu ba. Babu kantin kayan miyarmu, babu masallaci sai falon wani ɗalibi da ake ture kujeru ranar Juma'a, nama kuwa sai mazan sun haɗu sun tafi gonar wani tsoho a McLeansville sun yanka akuya da hannunsu. Idan kewar gida ta ishe mu sai mu ɗauki magana a kaset mu aika, kafin amsa ta dawo har an manta abin da aka tambaya. Yaran yanzu suna kallon fuskar kakarsu ta Kano a tafin hannu, amma sai an yi da gaske su gaishe ta. Mu kuwa ko tarin wani tsoho da ya shiga kaset bisa kuskure sai mun mayar da shi baya mun sake ji. Sautukan garin su ne suka zama mini abokan hira, jiniyar masaƙa da safe, kukan jirgin ƙasa mai jan kaya, da wani ƙwas-ƙwas-ƙwas da nake ji daga ɗakin ƙasa kullum bayan la'asar, na daɗe ban san mene ne ba.

Wata rana ina tsakiyar daka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Da ma an riga an ja mini kunne cewa mutanen nan ba sa son ƙara, suna iya kira maka 'yan sanda a kan taɓarya. Na buɗe na ga wata doguwar mata cikin wandon aiki, gashinta baƙi wuluk a ɗaure, hannayenta jajur da ƙasa har gwiwar hannu. Na fara haɗa ɗan Turancin da nake da shi don ban haƙuri, sai ta wuce ni ta zauna a dandamalin kicin, ta nuna turmin ta yi mini alama in ci gaba. Haka na daka yajin nan tana lumshe ido tana kaɗa kai, har sai da atishawa ta kore ta. Ita ce mai ɗakin ƙasa, ƙwas-ƙwas ɗin kuwa tafiretarta ce. Daga baya ta roƙe ni aron turmin wai za ta daka ƙasa a ciki. Na ce mata maƙwabtaka daban, turmin miya daban, na ba ta tsohuwar rariya dai ta yi haƙuri da ita.

Da maigidana ya gaya mini cewa matar nan 'yar asalin ƙasar ce, wato mutanen da Turawa suka zo suka tarar, sai na ƙi yarda. Yayyena maza in sun dawo daga silima sukan ba mu labarin kaboyi da waɗanda suke kira Indiyawan daji, masu gashin tsuntsu a ka, ana harbe su suna faɗowa daga doki. Ni a zatona an gama da su tun tuni. Da na sami bakin tambayar ta ina gashin tsuntsunta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ma a silima ta fara ganin irin waɗannan. Mutanenta manoma ne a gabashin jihar, a bakin wani kogi mai baƙin ruwa, suna noman taba da masara, suna cika coci ranar Lahadi, kuma suna da sunan da suke kiran kansu da shi tun kafin a ba su wani. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ta kuwa karɓi sunan hannu bibbiyu.

Da rana a masaƙa take aiki, inda ake saƙa shuɗin yadin wando, ta dawo da burbushin zare a gashi. Amma ba wannan ta ɗauka sana'arta ba. Zane take yi, tana rubuta waƙa, tana kuma rubuta wasan kwaikwayo. Na ce mata a garinmu ana cewa taura biyu ba ta taunuwa, ta ce ita uku ta cusa kuma haƙoranta lafiyarsu ƙalau. Kuɗin fentin kanti ba ta da shi, sai ta riƙa tsayar da tsohuwar motarta a duk inda aka yanka gefen hanya, ta ɗebo jar ƙasar nan tasu mai kama da ta maginan tukwane, ta shanya, ta tankaɗe, ta kwaɓa da wani mai. Da ita take zana matan garinsu, masu faɗin kafaɗa, suna sunkuye a gona. Da na haihu ta ga yadda nake goya 'yata, ta nace sai ta zana ni. Na ce fuskata ba za ta hau bangon kowa ba, sai ta zana ni ta baya, zani da majanyi da ɗan kan jaririya a langaɓe. Waƙoƙinta kuwa ni take fara karanta wa ina tsintar shinkafa. Rabin Turancin wuce ni yake yi, amma in na yi hamma sai ta ja layi a kan wurin ta ce ya mutu. Sau da yawa barci ne kawai na mai jego, ban dai taɓa faɗa mata ba.

Mutanen da suka san ta daga baya sun san wata babbar mata ce da ta bar masaƙa, tana koyarwa, ana gayyatar ta garuruwa masu nisa, ana buga wasanninta a manyan zauruka. Zanenta na jar ƙasa ya shiga falon masu kuɗi na Irving Park, unguwar da a da in mun bi ta ciki da motarta mai tari sai mu ga ana ɗaga labule. 'Ya'yana sun karanta waƙoƙinta a makaranta, suka dawo suna mamakin wai Antin da ke cinye musu ƙosai ce a cikin littafi. Ta rasu shekarun baya, na je har bakin baƙin kogin aka rufe ta, na yi kukan da ban yi wa wasu dangina na jini ba. Amma in na tuna ta ba wannan babbar matar nake gani ba. Wasanta na farko nake tunawa, da abin da ya kusa jawo mata.

Labarin haihuwarta ta rubuta. Iyayenta a gonar wani suke noma ana raba amfani, kuma lokacin cirar taba ba a san hutu ba, ganye ba ya jiran kowa. Mata kan tsaya a rumfa tun safe suna ɗaure ganye a jikin sanduna. A nan naƙuda ta kama mahaifiyarta, ta zaga bayan ganyen da aka rataye, ta haihu a kan buhuna ita kaɗai, ta naɗe jaririyar ta sa a kwando. Da matar mai gonar ta ji, sai ta ce a gaban mutane ai su haka suke, a rumfa suke haihuwa kamar awaki. Wannan magana ita mahaifiyar ta haɗiye ta zauna da ita shekara talatin da wani abu. Kowa ta gaya masa a kan gado ta haifi 'yarta, Yaya ma a bakin wata gwaggonta ta ji gaskiyar. Da labari ya kai gida cewa za a nuna abin a gaban jama'a, uwar ta aiko da saƙo gajere, in ta yi haka kada ta ƙara taka mata ƙofar gida.

Ranar Yaya ta hauro wurina idonta jajur, ta zauna ko gaisuwa babu. Ni a raina bayan tsohuwar nake, na kuma faɗa mata, na ce mu ma iyayenmu cewa suke ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma uwa ba abin wasa ba ce. Ta amsa mini tana murza jar ƙasar da ta maƙale a farcenta.

"Ba don in tona mata asiri na rubuta ba. So nake ta zauna sau ɗaya ta kalli abin da ta yi daga waje, ko za ta ga ba abin ɓoyewa ba ne."

Ta ƙi fasawa, ta kuma rame a tsaye. Ana saura 'yan kwanaki sai ga wani saƙon, wai tsohuwar za ta zo da kanta tare da matan cocinsu, ta ga abin kunyar da idonta kafin ta yanke hukunci. Zaure kuwa babu mai ba ta, sai tsohon nan mai awaki na McLeansville ya ba da aron babbar rumfarsa. 'Yan wasan abokan aikinta ne na masaƙa, ni na ɗinka musu riguna. Matsala ɗaya ta rage, kukan jariri. Sun gwada 'yar tsana wani yana kwaikwayon kukan daga baya, abin ya fito kamar an taka kyanwa. Sai Yaya ta lura cewa 'yata da zarar an kwance ta daga bayana take tsala ihu, ba ta taɓa saɓawa ba. Maigidana ya ce in dai ba za a sa mata kwalliyar banza ba, a je. Haka yarinyar ta sami aikinta na farko a Amurka tun ba ta iya zama ba.

Don kada benci ya zama fayau, na gayyato duk matanmu, har da Hajiya. Hajiya 'yar Damagaram ce, mijinta na koyar da Faransanci a jami'a, ita ce babbarmu kuma uwarmu a garin nan. Duk wadda ta haihu ita ke tarewa a gidanta, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu, ta yi faɗa da miji. Muryarta kuwa in tana waya a falo ana ji a wurin ajiye motoci. Na tara su na yi musu bayani dalla-dalla, cewa wasan mutanen nan ba irin namu ba ne, ba a amsa wa ɗan wasa, ba a ba shi shawara, ba a tsine wa mugu, shiru ake yi sai an gama a tafa. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta fara da kalmar nan tata ta Faransanci.

"Bon, ke 'yar nan, ni za ki koya wa zaman taro? Tun ba a haife ki ba nake zama a gaban manya ko tari ba na yi."

Ranar Asabar ce bayan azahar, ƙarshen bazara, zafi kamar a gida, ƙwari na ta ƙara a cikin itatuwa. Mazanmu suka yi salla a gindin wata bishiya awaki na kallon su. Sai ga bas ɗin coci ta tsaya, tsofaffin mata suka dinga sauka da huluna da mafitai, wasu farare, wasu jajaye, wasu kamar ƙannen mahaifiyata. Ba sai an nuna mini uwar ba. 'Yar ƙaramar mata ce a miƙe kamar taɓarya, ta wuce 'yarta ko kallo babu, ta zauna a bencin gaba, a ƙarshensa ta wajen ƙofa, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ni ina bayan ganyen taba da aka rataye a matsayin labule, da goyona, Yaya na gefena, muna leƙe ta tsakanin ganye.

Wasa ya fara, mata na ɗaure ganye suna hira suna tsokanar juna. Na ga hannayen tsofaffin nan suna motsi a cinyoyinsu, suna ɗaurin tare da 'yan wasa ba su sani ba. Akwai wuraren ban dariya, amma ba wadda ta dara, duk suna satar kallon tsohuwar, ita kuwa fuskarta ko gezau. Hajiya na hango a benci na uku ta cusa bakin mayafi a baki, tana ta mutsu-mutsu. Da aka zo inda matar mai gona ke yi wa mai ciki tsawa, sai da Hajiya ta ɗaga hannu sama ta mayar, amma ta cika alkawari. Daga nan mai cikin ta dafe ƙugu, ta zago bayan ganye inda muke. Yadda aka tsara, za a ji kukan jariri, ta fito da shi a naɗe, a yi shiru mai tsawo, ta sa shi a kwando ta koma bakin aikinta, wasa ya ƙare a haka. Wannan shirun shi ne zuciyar wasan, Yaya ta fi wata tana horar da su a kansa. Na kwance majanyi na miƙa yarinya, ita kuwa ba ta ba mu kunya ba, ta buɗe maƙogwaro.

Shirun bai kai numfashi biyu ba. Hajiya ta miƙe tsaye, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar da tun da nake ban taɓa jin irinta ba. Sauran matanmu, da ma a ƙage suke, suka ɗauka gaba ɗaya, ana barka, ana Allah Ya raya. Tantabarun da ke saman rumfa suka tashi fir, awaki suka amsa daga waje. 'Yar wasan ta daskare da jaririya a hannu. Wani dattijon coci da ya rako tsofaffin ya miƙe yana waige-waige ko gobara ce. Yaya ta damƙe damtsena har sai da farcenta ya shiga, ni ma na ce shi ke nan, mun kashe ta mun kashe wasan. Hajiya ta farga ta koma ta zauna, amma ba alamar nadama, har tana faɗa wa ta kusa da ita da muryar nan tata, wai a haihu a gabanta ta yi shiru sai ka ce gawa aka fitar.

Tsohuwar ta tashi. Ƙofa na gefenta, kowa ya ɗauka fita za ta yi. Sai ta juya ta bi tsakanin benci da jakarta a hannu, ta tsaya a kan Hajiya, ta tambaya a hankali wannan wane irin kuka ne. Maigidana ya matso yana gumi ya zama tafinta. Hajiya ta gyara mayafi ta ce ya faɗa mata ba kuka ba ne, murna ce. A wajenmu in mace ta sauka lafiya ba a barin ta da shiru, ta je bakin kabari ta dawo, ga shi ta dawo da mutum a hannu, dole duk unguwa ta ji. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta sake tambaya, ko da a rumfa ta haihu, a kan buhu?

"Ko a gona, ko a bakin rijiya," in ji Hajiya. "Wadda ma ta haihu ita kaɗai ba ungozoma, ai ita ce jarumar. Da ita ake yi wa 'yan mata misali."

Da aka juya mata maganar, tsohuwar ta tsaya tana kallon ƙasa, rumfa ta yi tsit in ban da 'yata da ke ta aikin da aka ɗauke ta. Can ta ɗago ta ce, yadda na baya ma za su ji, "Ni ce matar. Ranar ba wanda ya ce mini komai." Sai ta juya wajen ganyen ta kira 'yarta da cikakken sunanta, irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya yi ɓarna. Yaya ta fita, doguwar mata kamar ita ta koma 'yar mitsitsiya. Uwar ta kama ta a wuyan hannu, ta tsayar da ita a gefenta, ta gyara zaman hularta, ta fuskanci Hajiya.

"Ga jaririyar nan, ta ɗan girma. A sake yi, waccan ban shirya ba."

Ai ba sai an roƙi Hajiya ba. Ni ma na fito daga bayan ganye na kama hancina, ban damu da wanda ke kallo ba. Muka yi ta har muryoyinmu suka dishe, tsofaffin cocin suka ajiye mafitai suna kama hanci suna gwadawa, abin na fita a karkace, suna dariya suna share hawaye suna sakewa. Daɗin da na ji ranar har yau ban san da me zan auna shi ba. Tsohuwar ta rufe ido tana tsaye a tsakiyarmu, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba, don hannu ɗaya na riƙe da jaka, ɗayan na riƙe da 'yarta. Ba a ƙarasa wasan ba, ba kuma wanda ya tambayi ƙarshensa. Hannun nan ba ta sake shi ba har bakin bas, da ta zo hawa ta ja Yaya ciki, suka tafi gida tare, suka bar mu da sharar rumfa.